BABI NA BIYU: TARIHIN TAKARDAR SHAIDAR AWO DA KE RAKO SABABBIN NA'URORIN GWAJIN LANTARKI

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren na'urorin da ake gwada wutar lantarki da su, kamar maltimita, wadda masu gyaran rediyo da talabijin suke kira mita, da osiloskof mai nuna siffar wuta a kan gilashi. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihin wata takarda da akan tarar a cikin kwalin irin waɗannan na'urori idan an sayo su sababbi, wato takardar shaidar awo. Za a duba yadda ta faro, da yadda ma'anarta ta yi ta sauyawa, musamman bayan da diloli suka shiga tsakanin kamfanin da ya ƙera na'ura da wanda zai yi aiki da ita.

Kafin a yi nisa, ya kamata a fayyace abin da ake nufi da tantance awo. Tantance awo shi ne a kwatanta abin da na'ura ta nuna da abin da wani ma'auni da ya fi ta inganci ya nuna, sannan a rubuta bambancin da aka samu. Saita na'ura don ta dawo daidai wani aiki ne daban, ko da yake mutane sukan haɗa su. Ke nan takardar shaidar awo labari ce ta abin da aka gani a jikin wata na'ura guda, a wata rana guda, a wani ɗaki guda. Duk gardamar da za a ci karo da ita a ƙarshen wannan babi daga nan ta samo tushe.

2.1 Wayar Ƙarƙashin Teku da Asalin Takardar

A shekarar 1858 aka shimfiɗa wayar tangaraho ta farko a ƙarƙashin Tekun Atlantika tsakanin Ayalan da Niyufanlan. Wayar ba ta wuce kimanin mako uku tana aiki ba ta mutu, kuma dukiya mai yawa ta salwanta. Tun a 1857 William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya gano cewa jan ƙarfen da masana'antu daban-daban suke sayarwa ya sha bamban ƙwarai wajen barin wuta ta ratsa shi. Matsalar ita ce, a wancan zamani babu wani ma'auni ɗaya da kowa ya yarda da shi na auna turjiyar waya ga wutar lantarki. Wani yana awo da mil ɗaya na wayar jan ƙarfe, wani da wayar baƙin ƙarfe, a Jamus kuma Werner Siemens ya fito da nasa ma'aunin na zaiba a 1860. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga masu tangaraho, domin da awon turjiya ake gane wurin da waya ta lalace a ƙarƙashin teku, a san inda za a tura jirgi ya ciro ta.

Saboda haka a 1861 Ƙungiyar Birtaniya ta Bunƙasa Kimiyya ta kafa kwamitin ma'aunan lantarki. Daga cikin waɗanda suka yi masa aiki akwai Thomson da James Clerk Maxwell da Fleeming Jenkin. A 1865 kwamitin ya fitar da ma'auninsa na turjiya a siffar naɗaɗɗiyar waya, aka yi kwafe-kwafensa aka rarraba wa kamfanoni da masana. Daga baya ma'aunan asali suka koma ɗakin gwaje-gwaje na Cavendish a Jami'ar Kambirij, inda Richard Glazebrook ya riƙa kwatanta wayoyin da mutane suke aikowa da na kwamiti, yana ba da shaida a rubuce. Haka nan cibiyar Kew da ke kusa da Landan ta daɗe tana ba da irin wannan shaida ga ma'aunan zafi da agogo.

Akwai abubuwa biyu da suka kamata a lura da su a nan. Na farko, takardar wancan zamani tamkar wasiƙa ce tsakanin mutum biyu da suka san juna: mai kaya ya aika da kayansa, masani ya gwada, ya rubuta lamba da kwanan wata da yanayin zafin ɗaki, ya sa hannu, ya mayar. Babu ɗan tsakiya. Na biyu, shi kansa ma'aunin kwamitin bai tsira ba. Gwaje-gwajen da Henry Rowland ya yi a Amurka a 1878, da na Lord Rayleigh a farkon shekarun 1880, sun nuna cewa ya gaza ainihin om ɗaya da kimanin kashi 1.3 cikin ɗari. Wato duk takardun da aka bayar kafin nan gaskiya suka faɗa dangane da ma'aunin kwamiti, amma ma'aunin da suka dogara a kansa yana da tawaya. Tun daga nan aka fahimci cewa takarda ba ta wuce ƙarfin abin da aka jingina ta a kansa ba.

2.2 Hukumomin Awo na Ƙasashe

Ranar 20 ga Mayu, 1875, ƙasashe 17 suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Mita a birnin Faris, aka kafa ofishin awo na duniya a Sèvres. Jamus ta kafa cibiyar awonta ta ƙasa a Balin a 1887 da taimakon Siemens, Hermann von Helmholtz ya zama shugabanta na farko. Birtaniya ta biyo baya da NPL a 1900, Glazebrook ne ya fara shugabantarta, Amurka kuma ta kafa NBS a 1901, wadda aka sauya wa suna zuwa NIST a 1988.

Ma'aunan lantarkin su ma sun yi ta sauya kama. Taron Shikago na 1893 ya tsayar da om a kan zaiba mai tsawon santimita 106.3. A ranar 1 ga Janairu, 1948 aka yi watsi da waɗannan ma'aunai aka koma ga waɗanda ake lissafowa daga mita da kilogiram da daƙiƙa, sannan a 1960 aka kafa tsarin SI. Binciken Brian Josephson na 1962 da na Klaus von Klitzing na 1980 sun sa aka daina dogaro da batir da waya da ke ajiye a akwati, aka koma ga ɗabi'ar halitta wadda ba ta tsufa. Lokacin da ƙasashe suka daidaita a kan haka a 1990, bolt ɗin Amurka ya motsa da kimanin kashi 9 cikin miliyan, abin da ya tilasta wa masu manyan na'urori sake saita su. Sauyin ranar 20 ga Mayu, 2019 kuwa bai motsa bolt da fiye da kimanin kashi 1 cikin miliyan 10 ba.

2.3 Sojan Amurka da Salsalar Awo

Hukumomin ƙasa ba za su iya gwada kowace mita da aka ƙera ba, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu lokacin da masana'antar ta haɓaka. Hewlett-Packard ta fara a 1939, Tektronix a 1946, Fluke kuma a 1948. Dole aka samu matakala: hukumar ƙasa ta gwada ma'aunin kamfani, kamfani ya gwada na'urorin da ke teburin aiki da shi, su kuma a gwada kayan sayarwa da su. Wannan jerin gwanon shi ne a wannan nazari ake kira salsalar awo, domin kamar yadda ake bin salsalar mutum daga uba zuwa kaka, haka ake bin awon na'ura mataki-mataki har a dangane da ma'aunin duniya. Idan mataki ɗaya ya ɓace, salsala ta yanke.

Wanda ya mayar da wannan tsari dole shi ne babban mai sayen kayan lantarki na wancan lokaci, wato sojan Amurka. A zamanin makamai masu linzami, sassan makami ɗaya sukan fito daga kamfanoni da yawa, kuma tilas bolt ɗin wannan ya zama bolt ɗin wancan. Ƙa'idar MIL-C-45662A ta 1962 ta wajabta wa 'yan kwangila su riƙa tantance na'urorinsu lokaci-lokaci, su nuna cewa salsalarsu ta kai ga NBS, su kuma liƙa wa na'ura takardar da ke nuna ranar da aka gwada ta da ranar da za a sake. Ƙa'idar MIL-STD-45662A ta 1988 ta tsayar da cewa shakkar da ke cikin ma'aunin gwaji kada ta wuce rubu'in kuskuren da aka yafe wa na'urar da ake gwadawa. An soke wannan ƙa'ida a 1995, bayan da ta farar hula mai suna ANSI/NCSL Z540-1 ta fito a 1994.

Daga wannan zamani ne jimlar nan da ke cewa awon na'ura "yana da salsala zuwa NIST" ta yaɗu, har ta zama kamar tambarin talla. Sai dai ita kanta NIST ta bayyana matsayinta cewa ba ta tsaya wa da'awar salsalar da wani ya yi a kan awon da ba ita ta yi ba. Nauyin kawo hujja yana wuyan mai da'awar, nauyin bincike kuma yana wuyan mai karɓa. Abin mamaki shi ne, mai saye da yawa yakan ɗauka cewa hukumar ce ta taɓa na'urarsa da hannunta.

2.4 Wane ne Zai Tantance Mai Tantancewa?

Da ɗakunan gwaji suka yawaita, sai wata tambaya ta taso: da me za a san cewa mai ba da takardar ya ƙware? Ostireliya ce ta fara amsa ta, da ta kafa hukumar NATA a 1947 don duba cancantar ɗakunan gwaji. Birtaniya ta kafa tata a 1966, wadda bayan haɗe-haɗe ta zama UKAS a 1995. Jamus ta kafa DKD a 1977, aikin ba da shaidar cancantar ya koma hannun DAkkS a 2010. A matakin duniya kuwa, jagorar ISO mai lamba 25 ta fito a 1978, ita ce ta rikiɗa ta zama ISO/IEC 17025 a 1999, aka sabunta ta a 2005 da 2017. A 1999 hukumomin awo na ƙasashe suka sa hannu a kan yarda da ma'aunan juna, a 2000 kuma hukumomin ba da shaidar cancanta suka yi irin wannan yarjejeniya a ƙarƙashin ƙungiyar ILAC, domin takardar da aka bayar a wata ƙasa ta karɓu a wata.

Daɗin daɗawa, fitowar ISO 9001 a 1987 ta sa buƙatar takardar ta fita daga da'irar soja da manyan masana'antu ta shiga ƙananan kamfanoni. Duk wanda ke neman shaidar inganci, odita zai zo ya tambaye shi takardun na'urorin awonsa. A nan ne takardar ta samu aiki na biyu. A da injiniya ne ke karanta ta don ya gyara lissafinsa. Yanzu sau da yawa ana neman ta ne don a saka a fayil a nuna wa odita.

2.5 Shigowar Dila Tsakani

A farkon al'amari manyan na'urori ta hannun injiniyoyin kamfani ake sayar da su kai tsaye, kuma sau da yawa sai an yi oda ake ƙerawa. Amma da na'urori suka yi araha suka ƙanƙance, musamman bayan fitowar mitocin hannu masu lambobi irin su Fluke 8020A a 1977, sai ciniki ya koma hannun diloli masu kundin kaya da manyan sito, kamar RS da Farnell a Ingila, da Mouser da Digi-Key a Amurka. Shigowar kamfanonin Sin irin su Rigol da Siglent, da ciniki ta intanet, sun ƙara tsawaita hanyar, har na'ura takan ratsa hannu uku ko huɗu kafin ta kai ga mai aiki da ita.

Sakamakon farko shi ne takardu iri-iri suka riƙa amsa suna ɗaya. Akwai takardar da kamfani ke cewa kawai na'urar ta cika sharuɗɗan da aka ƙera ta a kansu, ba tare da alƙaluma ba, wani lokaci ma ba lambar na'urar a jiki. Akwai wadda ke ɗauke da lambar na'ura da kwanan wata da da'awar salsala, amma ba sakamakon gwaji. Akwai mai ɗauke da alƙaluman da aka samu a kowane mataki. Sannan akwai wadda ɗakin gwaji mai shaidar cancanta ya bayar bisa ISO/IEC 17025, mai tambarin hukumar da ta amince da shi, da gwargwadon shakkar da ke cikin kowane awo. Wannan ta ƙarshe ba kasafai take zuwa a kwali kyauta ba, akan yi odarta ne daban a biya kuɗinta. Idan dila ya rubuta a tallarsa cewa kaya "suna da takardar awo", bai yi ƙarya ba ko da ta farkon ce, amma mai sayen da odita ke jira zai iya tarar da cewa abin da ke hannunsa ba shi ake nema ba.

Muhimmancin alƙaluma zai fito fili da misali. A ɗauka an yafe wa wata mita kuskuren kashi 0.5 cikin ɗari da ƙarin lamba 2 a gurbin ƙarshe. Idan aka ba ta bolt 10.00, duk abin da ta nuna tsakanin 9.93 da 10.07 ta ci jarrabawa. Wadda ta nuna 10.01 da wadda ta nuna 10.06 duk takarda ɗaya za a ba su idan babu alƙaluma, alhali ta biyun tana bakin gaɓa. Bugu da ƙari, idan aka kai ta gwaji bayan shekara, babu abin da za a kwatanta da shi a san nisan da ta gusa.

Sakamako na biyu ya shafi suna. Ƙa'idar ISO/IEC 17025 ta tanadi a rubuta sunan wanda aka yi wa aikin. To a ranar da ake gwada na'ura a masana'anta, ba a san wanda zai saye ta ba. Don haka takardar takan zo babu sunan kowa, ko da sunan dila. Wasiƙar nan ta zamanin Glazebrook ta zama wasiƙar da ba a rubuta wa kowa ba. Abin da ya rage mai haɗa ta da na'urar shi ne lambar da ke jikinsu, shi ya sa duba cewa lambobin biyu sun yi daidai ya zama aikin farko na mai karɓar kaya.

Sakamako na uku, wanda ya fi jawo ce-ce-ku-ce, shi ne kwanan wata. Na'urar awo tana gusawa a hankali yayin da sassan cikinta ke tsufa, kuma kamfanoni da kansu suna nuna haka a sharuɗɗansu. Alal misali, mitar teburi ta HP 34401A a matakin bolt 10, ɓangaren kuskuren da ake lissafawa daga abin da ta nuna shi ne kashi 0.0015 cikin ɗari a cikin awa 24 da gwaji, ya koma 0.0020 a kwana 90, ya kai 0.0035 a shekara guda. Ke nan alkawarin kamfani yana rataye da lokaci. To idan an gwada na'ura a watan Janairu, ta zauna a siton dila har Satumba, daga yaushe shekarar za ta fara? Idan daga Janairu ne, mai saye ya biya kuɗin sabuwa amma wata huɗu kawai suka rage masa. Idan daga Satumba ne, na'urar za ta yi wata 20 ba a duba ta ba.

Ƙa'idar duniya ba ta yanke wannan hukunci ba, hasali ma ta hana ɗakin gwaji ya rubuta ranar sake gwaji a takarda ko a jikin na'ura sai idan an yi yarjejeniya da mai kaya. Dalili kuwa shi ne mai na'ura ne ya san irin aikin da take yi da irin asarar da kuskurenta zai jawo. Wasu manyan kamfanoni sun shawo kan matsalar ta hanyar bayyana cewa ajiyar wani adadi na kwanaki, kamar 90 ko 180 gwargwadon irin na'urar, ba ta taɓa ingancinta, don haka mai saye yana iya fara ƙidaya daga ranar da ya soma aiki da ita. Sukan bar gurbi a takarda don ya rubuta ranar da hannunsa. Wannan mafita tana da ma'ana, sai dai ta ginu ne a kan zaton cewa an ajiye kayan yadda ya dace, kuma takardar ba ta da bakin faɗin abin da ya faru bayan ranar da aka sa mata hannu. Ba ta san faɗuwar kwali daga mota ba, ba ta san zafi da raɓar kwantena ba. Wasu diloli kuma sun buɗe nasu ɗakunan gwaji masu shaidar cancanta, suna sake gwada na'ura a lokacin da aka yi odarta su ba da sabuwar takarda da sunan mai saye. Ko shakka babu wannan ya fi kusa da asalin manufar takardar, duk da cewa yana ƙara kuɗi da kwanakin jira, kuma wani lokaci ɗakin dila ba ya iya gwada dukkan matakan da masana'anta ke gwadawa, domin shaidar cancanta tana da iyakar fannin da ta shafa.

Wannan matsala ta fi tsanani ga ƙasashen da ba su ƙera irin waɗannan na'urori, kamar Nijeriya, inda jami'o'i da kamfanonin wutar lantarki da na sadarwa suke samun su ta hannun diloli da 'yan kwangila. Bayan zaman sito a ƙasar waje, akwai kwanakin jirgi da na kwastan da na siton mai shigowa da kaya. Alƙaluman kwana 90 da na shekara guda da aka kawo a sama an gina su ne a kan zafin ɗaki tsakanin digiri 18 da 28, wanda ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska yakan wuce a lokacin bazara, sai an ƙara wani lissafi na daban. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, tana da cibiyar awo ta ƙasa a Inugu, akwai kuma hukumar NiNAS mai ba ɗakunan gwaji shaidar cancanta. Saboda haka ma'aikatar da ta rubuta a takardar kwangila cewa kaya su zo "da takardar awo" kawai, ta bar wa ɗan kwangila zaɓin kowace daga cikin huɗun nan. Wadda ta san abin da take nema takan ambaci irin takardar, da sharaɗin alƙaluma da gwargwadon shakka, da iyakar kwanakin da za a yarda su shuɗe tsakanin ranar gwaji da ranar miƙa kaya.